Lallen Ƙafar Talatu

Tun da na san Yaya Talatu ban taɓa ganin ƙafarta babu lalle ba. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Umdurman, katangar ma ta gaji, ta samanta muke miƙa wa juna gishiri. A Jazira aka haife ta, cikin gonakin auduga inda iyayenta suka zo ci-rani suka yi ƙwadago. Aure ya kawo ta birni, ta zauna bakin kasuwa tana toya kisra, wainar dawar nan mai fale-fale, har hayaƙi ya rine mata ido.

A ƙasar nan matar aure ba ta barin ƙafarta fara. Baƙin lalle take zubawa daga tafi har yatsu, kuma ba a ganin ta haka nan sai in takaba ta same ta. Yaya Talatu kuwa ta riƙe abin fiye da ƴan ƙasar. Mijinta Gwadabe direban babbar mota ne, kullum yana hanya, ita kuma gani take lallen nan ne ke dawo mata da shi gida.

Tana da ciwon suga, kuma irin mutanen nan ce da ko kan gadon asibiti ka tarar da su za su ce maka da sauƙi. Duk wata takan haye gada ta ga likita a Khartum, ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa, ta karɓo magani ta dawo ba ta faɗa masa komai ba. Wannan hali nata yana ba ni haushi ƙwarai.

Shekarar korona aka kulle gari. Sojoji suka tare gadoji, kasuwa ta mutu, Gwadabe ya maƙale a Gadarif da motarsa. Umdurman ta yi tsit har kana jin kukan kurciya da rana tsaka. A kwanakin nan ne ta leƙo ta katanga, fuskarta a sake kamar wadda ta tashi daga barci mai daɗi.

"Khadiga, ya ukhti, ƴar'uwata, kin san kwanan nan a kan auduga nake tafiya? Wallai ƙasa ba ta taɓa ni. In na rufe ido sai in gan ni a Jazira, gona fari fat, ina ta tafiya ba gajiya."

Ita daɗi take ji, ni kuwa gabana ya faɗi. Haka ƙafar kawuna ta fara, daga baya aka yanke ta daga gwiwa.

Akwai wata manhaja da likitoci ƴan sa-kai suka buɗe lokacin, mutum ya aika murya ko hoto a duba shi daga gida. Na sa mata a waya ina jiran gardama, sai ta karɓa da hannu biyu. Daga baya ta gaya mini dalili. Ba tsoron korona ba ne. Ta ce wayar ba ta da ido, ba ta jin nauyinta. Ta zauna gindin bishiyar lemon tsakar gidanta ta yi sallama ga allon, sannan ta kwashe duk abin da ta shekara da shekaru tana ɓoye wa likitan Khartum ta zuba a ciki.

Wadda ta amsa wata likita ce, Doktora Bakhita. Ta nemi hoton ƙafar, muka aika. Can sai ga muryarta da Larabci, tana kiran ta khala, wato inna: "Ya khala, lallenki ya yi kyau, amma ba na ganin fatarki. Ki daina sawa, ki riƙa wankewa, ki turo mini hoto kowace safiya."

Yaya Talatu ta ajiye wayar. "Mijina na raye in fito da farar ƙafa? Fatan mutuwa nake masa?"

Na ce, "Yaya, in aka yanke ƙafar, ina za ki sa lallen?"

Ta yi fushi da ni yini guda. Washegari na ji ƙarar buta, na leƙa, na gan ta tana goge tafinta da lemo da man riɗi, tana hawaye ba sauti.

Haka safiyoyin suka riƙa wucewa a hankali. Rana ta fito ta bayan Nilu, ita ta miƙe ƙafa a tabarma, ta ɗauki hoto, ta haɗa da labarin mafarkin da ta yi, don ta mai da doktora abokiyar hira. Baƙin ya koma ja, jan ya koma ruwan shayi. Wata tsohuwar unguwa ta shigo, ta kalli ƙafar, ta fara salati, sai da na ja ta gefe na rantse mata Gwadabe na nan lafiya.

Lallen ya bar yatsu tara. Ƙaramin na hagu ya ƙi washewa, yana nan baƙi ƙirin.

Ranar nan doktora ba ta aiko murya ba, kira ta yi, ta ce mu tafi asibiti nan take. Ta turo saƙon da muka nuna wa sojan gada, ya kalli wayar, ya kalli ƙafar, ya ɗaga mana hannu. Muka haye, ba mota ko ɗaya sai wadda ta ɗauko mu, kogin shimfiɗe a ƙasa ba ya ko motsi. Ɗan yatsan kaɗai aka cire. Likitan fiɗa ya ce da an ƙara jinkiri da ba a nan wuƙar za ta tsaya ba.

Da aka buɗe hanya Gwadabe ya dawo da hantsi, ƙura har gira. Ina tsakar gidan ina canza mata bandeji. Tana jin sallamarsa ta ja gefen lifayarta ta rufe ƙafafun, kunya ta kama ta kamar amarya.

"Kada ka duba. Doktora ce ta hana, ba ni ba."

Ya durƙusa ya yaye mayafin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tallabe su da hannuwansa masu baƙin mai.

"Tun ranar aurenmu ban taɓa ganin su ba, Talatu," ya ce. "Ashe haka suke."