Kujerar da Na Bar wa Kaji

Da ana mayar da hannun agogo baya, abu ɗaya zan gyara: da na zauna a kan kujerar nan tun ranar da aka kawo ta.

Bayan aikin farko da aka sa min ƙarfe a ƙugu, likita ya hana ni zaman ƙasa da durƙuso, ya ce kuma in riƙa zuwa ɗaukar hoto duk shekara. 'Yata ta sayo min kujerar roba a kasuwar Dutsin-Ma. To amma limamin masallacinmu a Kurfi ya girme ni nesa, kuma a ƙasa yake zama. Ni wane ne da zan ɗare sama da kansa? Haka a wurin ta'aziyya, haka a ɗaurin aure. Kujera ta koma bayan ɗaki, kaji suka samu wurin kwana. Hoton ma sau ɗaya na je, don na san faɗa za a yi min.

Da shekaru suka ja, ƙugun ya fara ciwo, yana ƙara in na miƙe. Maiɗakina ta ce, "Alhaji, me ke kuka haka kamar tsohon ƙyaure?"

Na ce gado ne.

Ta ce, "Gadon ne ya biyo ka har tsakar gida?"

Na ci gaba da ɓoyewa, har ranar da na yi sujada na kasa ɗagowa, sai cicciɓo ni aka yi.

Likita ya nuna min hoton. Ƙarfen ya daɗe da saki, yana ta cin ƙashin da ke riƙe da shi kamar gara a azara. Ya ce babu inda za a kafa sabo sai an cike ramin, an tokare da wani ƙarfen da kusoshi, kuma bai yi alkawarin zan sake takawa ba.

Aka sake aikin, Allah Ya sa aka dace. Na sha kwanciya, na koyi tafiya kamar yaro. Ƙafar ta ɗan gajarce, mai gyaran takalmi ya ƙara min dunduniya.

Da liman ya zo duba ni, na faɗa masa dalilina na ƙin hawa kujerar. Ya yi dariya ya ce, "Kunyata ka ji? Ai da ka tambaye ni, da ni zan sa a ajiye maka ita."

Yanzu tana nan a ƙarshen sahu, Hajiya maiɗakina ta wanke ta tas. Da ƙafata da sandata nake zuwa, alhamdu lillahi. Duk wanda aka ce ya hau kujera, don Allah ya hau, kada ya yi irin tawa.