Makulli a Aljihun Mai Kula da Kuturta

Na manta abubuwa da yawa a aikin nan, amma ban manta ranar da Ila masunci ya miƙo mini hannunsa ba. Lokacin ni ce mai ba da maganin sida, wato ƙanjamau, a wani ƙaramin asibiti a yankin Madarumfa.

Da aka fara kawo Ila, fata ce kawai da ƙashi. Na ɗora shi kan magani, ya murmure, har ya koma tabki da kwalekwalensa. Na yi murna ƙwarai.

Bayan 'yan watanni sai ga shi da tabbai jajaye sun kumbura, gwiwar hannunsa na zugi. Na shafa auduga a kan tabon, bai ji ba. Ku sababbin ma'aikata ku riƙe wannan: wani yana ɗauke da kuturta a ɓoye, sai maganin sida ya dawo wa jiki da ƙarfi, jikin ya far mata da yaƙi, jijiyoyi su kumbura. In ba a ba da maganin kumburin da wuri ba, yatsu ke tafiya.

Maganin yana nan cikin kabad, ina hango shi ta gilashi. Amma kabad ɗin na mai kula da kuturta ne, shi kuwa ya tafi taron horo Maraɗi da makulli a aljihu.

Na sami majo, wato shugabanmu, na ce a ɓalle kwaɗon.

Ya ce, "Hajiya, wanga ba sashenki ba ne. In aka tambaya, wa za shi amsawa? Shi jira."

Na ce wa Ila ya wuce Maraɗi. Ya ce, "Malama, kihi na kamuwa yanzu. In na tahi, mi yara za su ci? Ina jiran mai makullin."

Taro ya ƙare, aka shiga wani. Ranar da aka buɗe kabad, yatsun Ila biyu sun riga sun lanƙwashe, ba ya iya ɗaura ƙugiya. A bakin tabki kuma mata sun daina sayen kifinsa.

Ya miƙo mini hannun, ya ce, "Sidar na ɓoye ta, ba wanda ya sani. Wagga hwa, ina zan sa ta?"

Babu wanda aka tuhuma, don kowa ya bi ƙa'ida. A ranar na gane mun raba cututtuka ofis-ofis, kowace da kabad ɗinta, alhali mai ciwon jikinsa ɗaya ne.