Mariƙin Ludayin Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye muka ɗauko shi daga Bakura zuwa gidana a Talata Mafara. Ciwon bai ci masa rai kamar yadda a ba shi abinci a baki ya ci masa ba. Ba ya ci da hagu, bai taɓa ba, kuma ya ce ba a tsufansa zai fara ba. In matata ta kawo kunu sai ya kurɓi biyu ya juya wa bango fuska. Muna kallo yana ramewa.

Ina da wata 'yar firinta a kan teburi, irin mai narkar da zaren roba ta gina abu hawa-hawa. Da ita nake yi wa masu injin ban ruwa ƙananan murafu. Sai na zana wani mariƙi da zai zagaye tafin hannunsa, da zobe a gefe inda wutsiyar ludayi za ta shige ta tsaya cak. Yatsun ne ba su damƙa, hannun kuwa yana ɗaguwa.

Na buga har sau biyar, zoben yana fitowa kamar ƙwai. Wani in ya kai rabi sai ya goce gefe. Na zargi zaren, na rage zafi, na ƙara, na sake zanen, har mai sayar mini da firintar na yi wa Allah ya isa a zuci. Ni da takardar makaranta, ko kusa ban tuna cewa mutumin da ke kwance a tabarma bayana ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawo da injin niƙa tsakanin Bakura da kasuwannin Maradun ba.

Ranar wata Laraba da hantsi ya ce in kashe abin nan, kukansa ba daidai yake ba, bel ne. Na ce masa wannan fa ba injin niƙa ba ne. Sai ya yi nuni a matso da shi kusa da firintar. Da ɗan yatsan hagu ya tsinki siririn bel ɗin da ke jan kan firintar, ya karkata kunne. Sautin ya fito a mace. Ya sa na juya cikinsa, sai ga haƙoransa sun siɗe a wuri guda, ga baƙin gari ya taru ƙarƙashin 'yar tayar da ke jansa. Ya shafa, ya kai hanci.

"Wa yas sa mishi mai?"

Ni ne. Watannin baya na ji yana ƙara, na ɗauko man keken ɗinkin matata na ɗiɗɗiga masa, don a gidanmu duk abin da ya yi kuka mai ake ba shi. Man ya jiƙa robar ta yi laushi, haƙoran suka dinga tsallake taya.

"Ƙarfe aka ba mai, ɗana. Bel sai a bas shi da ƙishinai."

Ya yi dariya da rabin bakinsa, ta farko tun da ya kwanta. Na ji kunya, na kuma ji daɗin da ban san inda zan sa shi ba.

Kwana huɗu sabon bel ya yi kafin direba ya kawo shi daga Gusau. Ina ɗaurewa yana tsinka yana cewa in ƙara, in sassauta, har ya ɗaga kai. Na sake bugawa, zoben ya fito a zagaye. Da la'asar ya yi bismilla ya kai ludayin kunu bakinsa da damansa. Rabi ya zube a riga, ya hana kowa ya goge.

Wata bakwai ya yi yana ci da hannunsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Mariƙin yana nan rataye a ƙusa saman teburina, ludayin a cikinsa. Kullum kafin in kunna firintar sai na tsinki bel ɗin na saurara. Ina kewarsa ƙwarai, domin har yau ban iya rarrabe sautin ba, sai dai in waiwaya wajen tabarmar.