Yatsun Kaka a Damtsena

Jiya masu allurar rigakafi suka yi sallama a ƙofar gidanmu a Gwiwa. Ina ji ɗana ya ce musu, "Ba ma so, ku ƙara gaba," alhali 'yarsa mai wata tara tana goye a bayan uwarta. Na shafa tabon lamba da ke damtsena, sai kakata ta faɗo min a rai.

Agana ce ta cinye mata idanu tun tana budurwa, ta bar mata fuska duk zanzana. Shi ya sa duk yaron da ya zo gaishe ta, ba ta amsawa sai ta lalubi damtsensa ta ji ko an yi masa lamba.

Ranar da masu lamba suka zo garinmu, tun ba a fara kashe naira ba, mahaifiyata ta ɓoye ni a rumbu. Ƙaiƙayin gero ya sa ni tari, Kaka ta ji, ta sa aka fito da ni, ta kai ni da kanta. Da muka dawo, mahaifiyata ta yanka lemon tsami za ta goge wurin don kada lambar ta kama. Kaka ta ji ƙamshinsa. Ta kamo hannun surukarta, ta ɗora a kan fuskarta.

"Shafa, 'yar nan. Wannan kike so mata?"

Jiya, ni da idanuna biyu, ban ce uffan ba. Allah ya haskaka kabarinki, Kaka. Allah ya sa kada shiruna ya cuci jikata.