Ranar da Na Je Karɓo Sadakar Mijina

Shekarun baya can, zamanin da sai ka sayi katin waya a shagon 'yan Nijar kafin ka kira gida, maigidana ya ƙera jirgin ruwa a bayan gidanmu na McLeansville, nan ƙasar Turawa. Ɗan Yauri ne, a bakin kogi ya tashi. Ni kuwa Bakatsiniya ce, ruwa mafi girma da na sani kafin aure shi ne na randar kakata.

Jirgin dogo ne siriri irin na garinsu, sai dai ya yi masa rumfa da benci, ya ɗaura masa ƙaramin inji a baya. In ya taso daga kamfanin kujerun da yake aiki, ko abinci bai ci ba zai zagaya baya, kyanwar gidan na biye da shi. Ya gwada jirgin shi kaɗai, ya yi masa rajista, sannan ya sayo rigunan ruwa huɗu, irin masu hana mutum nutsewa, ya rubuta sunan kowannenmu a wuyan rigarsa. Ya yi wa yaranmu biyu alkawarin in aka yi dogon hutu za mu shiga kogin Yadkin. Allah bai nufa ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi tun sanyi bai wuce ba.

Ina cikin takaba, ko kaina ban sani ba, matan gari suka taru suka fitar da kayan sawar marigayin don sadaka, kamar yadda aka saba. Allah ya saka masu da alheri. Sai dai da suka leƙa gareji suka ga rigunan nan masu kauri, sai suka ɗauka na sanyi ne marasa hannu. Aka haɗa da su aka raba wa sababbin zuwa, ni ban sani ba.

Satin da na fita takaba sai ga wan maigidana, wanda duk muke kira Yaya. A East Greensboro yake, kuma tun rasuwar duk abin da ya ce shi ake yi.

"Na yi magana da wani Bature," in ji shi. "Ran Litinin zai zo ya kwashe jirgin nan. Yana nan yana tayar wa yara hankali."

Na ce, "Yaya, ai babansu ya yi masu alkawari."

"Mai alkawarin ya tafi. Ke ce za ki tuƙa? Kuma me mutane za su ce? Jiya-jiya kin fita takaba, yau an gan ki kina shan iska a kogi."

Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka na yarda. Bayan ya fita, 'yata, wadda a lokacin ta fara zama budurwa, ta dube ni ta ce da Turanci daman ta san ba abin da zan yi. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, da ma hakan ne da na samu abin riƙewa. Maganar ta ci mini rai fiye da ta Yaya.

Na kira ƙawata 'yar Jos da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi. Mijinta na da akori-kura, kuma ya san kogin saboda kamun kifi. Ya ce zai ja mana jirgin ran Asabar, amma ba mai shiga ruwa ba riga. A nan ne na birkice gareji na gano abin da ya faru.

Ƙawata ta ce, "Maman yara, mu je kanti mu sayo sababbi mana, a wuce wajen."

Na ce a'a, masu rubutun hannunsa nake so.

Duk wanda ya san mu ya san ba a bin sadaka, balle ta mamaci. Na sani sarai. Na sayi rigunan sanyi na gaske, na zuba a bayan mota, na shiga bi gida-gida. Hajiyar da ta yi rabon ta riƙe baki tana kallona.

"Yanzu ke sadakar mijinki za ki karɓe? Ladan fa?"

Na ce, "Hajiya, ga wadda ta fi ta na kawo. In lada ne, Wanda ke bayarwa ya san abin da nake ciki."

Ba ta ji daɗi ba, amma ta gaya mini inda suke. Wani saurayi ɗan Maraɗi da aka ba tawa ya ce, "Madam, wallahi na yi ta mamakin rigar nan. Ina sa ta in je asuba, sanyi na shiga ta hammata." Rabona da dariya tun kafin rasuwar, sai a ƙofar bawan Allahn nan. Na samu uku. Ta huɗun, mai sunan maigidana, wanda aka ba ya koma Ohio da ita. Na ce a bar masa, wannan kam ta zama sadaka.

Kafin in iso gida labari ya kai wa Yaya. Waya ta yi ta ruri, na kife ta a kan tebur.

Ran Asabar da safe muka ɗaura jirgi a bayan akori-kurar. Kyanwar nan tun rasuwar a cikinsa take kwana, aka yi aka yi ta fito ta ƙi, na ce a ƙyale ta, ita ma tana da gado a ciki. Na ɗauki kular shinkafa da wake da gorar zoɓo, na ɗaure rigar ruwa a kan hijabi. Na yi kama da buhun gero, ban damu ba.

A bakin kogi mijin ƙawata ya nuna mini sandar tuƙi, ya ce in ina son dama in tura hagu. Sannan ya ce ko dai ya karɓa. Na ce ya zauna. Ba mu yi nisa ba na so dama na tura dama, muka tafi kai tsaye muka caki laka. Kyanwa ta yi tsalle ta kafa mini farce a ka, zoɓo ya malale, ɗana ya kwanta a benci yana dariya har da hawaye. Muka tura da sanda muka fito, na sake komawa mazaunina.

Tsoro kam na ji shi, ba zan ɓoye ba. Ruwan ja ne, ba ka ganin ƙasa, ga itatuwa sun rufe gaɓa dama da hagu. Amma da kogin ya buɗe, inji ya daidaita, sai na ji kukan da ban yi ba a gaban masu gaisuwa ya zo mini. Na yi abina ina tuƙi. 'Yata ta matso ta ɗora hannunta a kan nawa, ta ce da karyayyar Hausarta, "Umma, kar ki tsaya."

Ran Litinin Baturen ya zo, na ce masa jirgi ba ya zuwa ko'ina, ya sa kai ya tafi. Yaya ya daina yi mini magana. Mata suka yi ta yi da ni, wai takabar ma daman a ƙagauce na yi ta. Manya suka aiko in je in ba da haƙuri.

Da Sallah ta zo na kwashi yara muka je. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, don wan mijina ne, kuma har gobe ina ganin girmansa. Ya gyara zama ya ce, "To, ina jin ki."

Na ce, "Gaisuwa na zo yi, Yaya."

Ya jira, ni ma na jira. Da shirun ya yi yawa ya juya yana tambayar yara makaranta.

Yanzu mun tsufa, muna zumunci, in ba shi da lafiya ni ke kai masa kunu. Da a ce zagin sa na yi, da tuni na nemi gafara, ba ni da nauyin baki a nan. Amma cika wa marayu alkawarin ubansu na yi. Ya daɗe yana jiran haƙurin nan, kuma sai dai ya ci gaba da jira.