Gadon Bakin Ƙofa

Ku da kuka shigo aikin jinya kwanan nan, ku matso ku ji. Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da aka ce in mayar da Baba Iliya gadon bakin ƙofa.

Lokacin ina ƙaramin nas a wani asibiti a yankin Ƙaura, jihar Zamfara tana sabuwa, ko'ina maganar fara Shari'a ake yi. Aka tura ni ɗakin masu tarin tibi, can baya, shi kaɗai.

Bari in faɗa muku tsarin wurin. Asibiti magani yake bayarwa, ba ya ɗora wa kowa tukunya. Abincinka yana hannun mai jinyarka. Su kuma masu jinya tsoron tarin suke, ba sa shiga. A gindin bishiyar dogon yaron da ke bakin ƙofa suke shimfiɗa tabarmi, su miƙo kwano, mu kai ciki. Sannan akwai gado ɗaya dab da ƙofar. Ba a rubuta ko'ina ba, amma kowa ya sani: wanda aka cire rai da shi ake kwantarwa a nan, don in ta Allah ta kasance a fita da shi ba a ratsa ta gaban sauran ba.

Baba Iliya tsohon leburan jirgin ƙasa ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna. A gyaran layin dogo ya tsufa a Ƙaura. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Da jita-jita a kan Shari'ar ta yi yawa, 'yan'uwansa suka tattara suka koma gida, shi kuwa tari ya riga ya kama shi, ba ya iya doguwar tafiya. Ya zo mana ba mai jinya, aka ba shi gadon ƙurya.

Maganin tibi mugu ne a cikin da babu abinci. Ina kallo mutum yana narkewa. In ina bakin aiki nakan gutsura masa burodi, amma me burodi zai yi? Abin da ya fi ci mini rai shirunsa ne. Sauran har sai kunnenka ya yi zafi: "Likita, ƙirjina! Likita, ruwa!" Shi kuwa sai ya juya ga bango, hannuwa a haɗe, leɓe na ɗan motsi.

Ran nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Baba, don Allah ka yi magana mana! Ka ci wani abu tun jiya?"

Ya ce, "Ɗana, na gaya wa wanda ya kamata in gaya wa. Yanzu jiran amsa nake."

"To mu fa? Mu ba mutane ba ne?"

Ya yi murmushi ya koma ga bangonsa. Wallahi kamar in yi kuka don haushi.

A aikinmu an sani, mai ihu da sauran ƙarfinsa, wanda ya yi shiru ya juya ga bango shi ake tsoro. Da Sista mai kula da ɗakin ta zo zagayen safe, ta duba shi, ta duba awonsa, ta ce da ni a hankali, "Sani, bakin ƙofa."

"Sista, a ɗan ƙara masa lokaci mana."

"Na fi ka son ya tashi. Yi abin da na ce."

Na ɗauke shi, nauyinsa bai fi na yaro ba. Na kasa haɗa ido da shi. Shi ne ma ya lallashe ni: "Kada ka damu, na san gadon. Yesu yana tare da ni a ƙurya, a nan ma yana nan."

Cikin masu jinya akwai wata tsohuwa daga Badarawa, Inna Kulu, tana jinyar ɗanta. Baki gare ta ba kama hannun yaro. Ta leƙo ta ce, "Kai yaro, wanga bawan Allah da kunka aje nan, ina danginai?"

"Ba shi da kowa, Inna. Kirista ne, mutanensa sun tafi."

"Na tambaye ka addininai? Mi ya ci yau?"

Ta tafa hannu. "Innalillahi! Muna nan muna ba awaki sauran tuwo, mutum na mutuwa da yunwa bayan bango? Kai kuma kana yawo da farar rigarka!"

Nan take ta dama kunun gero ta kawo da zafinsa. Kashegari wata 'yar Zurmi ta kawo fura da nono. Kowa ya san ma'anar gadon, kowa yana son ladan ciyar da mai tafiya. Duk kwanon da zai shiga ɗakin ta gabansa yake bi, kuma ba ya wucewa sai an ɗibar masa. Inna Kulu ta manta da tsoron tari, ta rufe hanci da gyale ta tsaya a kansa. "Shanye! In ka mutu ka bar kununa a kwano, ban yahe ba."

Mai tafiya kuwa ya ƙi tafiya. Magani ya sami wurin zama. Ya fara tashi zaune, ya fara takawa zuwa gindin bishiya. Shirunsa dai bai bari ba. Matan suka gane lokacin addu'arsa, da ya haɗa hannu sai su rage murya, Inna Kulu ta ce, "Ku saurara, yana ganawa da Ubangijinai."

Ranar da aka sallame shi ya tsaya a gabanta ya ce, "Yaya, mai sunana annabi Iliya, da yake jeji shi kaɗai, hankaki Allah ya aiko masa da abinci."

"Au, mu ne hankakin? Ku ji mini mutum, ya ƙoshi!" Tana faɗa tana share ido da bakin gyale.

Na tambaye shi ko bai ji tsoro ba ranar da na ɗauke shi. Ya ce, "Na ji, ɗana. Na ɗauka amsar ke nan, na kuma karɓa. Ashe amsar ce, ba dai wadda na zata ba."

Tun daga nan, in na shiga ɗaki gadon ƙurya nake fara zuwa, kuma kafin in taɓa magani sai na tambaya wa ya kawo abinci. Mai shiru ba lalle ya sallama ba ne, wani jira yake, kuma sau da yawa ta hannunmu amsar za ta bi. A duk shekarun da na yi a ɗakin nan, Baba Iliya kaɗai na ga ya bar gadon bakin ƙofa da ƙafarsa. Sista da kanta ta riƙe masa ƙofar.