Ƙugiyar Malam Isiyaku

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Malam Isiyaku makwancinsa, Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Matarsa Hajiya Rabi ce ta ƙirga mini shekarun, domin ni lissafina tun a aji huɗu na firamare ya ce in yi gaba zai biyo ni, har yau bai iso ba. Duk da haka kada mai karatu ya raina ni. Tsohon ma'aikacin mujalla ne ke magana, kuma muƙamin da na riƙe ban ji wani ya taɓa riƙe irinsa ba daga nan har Legas. Ni ne Babban Editan Ƙugiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne jikarsa Balkisu, wadda ta gama jami'a, ta tashi za ta farfaɗo da mujallar kakanta, wannan karon a cikin waya. Ta tara labarai, ta tara hotuna, sai ta cije a layin farko, wato sunan mujallar. Mujallarmu suna biyu gare ta, kuma tsakanin sunayen babu komai sai wata 'yar lanƙwasa da ba ta kai ƙafar sauro ba. A kan wannan lanƙwasa dattawa biyu suka yi ta gardama har ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya.

Bari in koma farko. Malam Isiyaku malamin firamare ne a nan Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan. Nan aka haife shi, nan aka haifi mahaifinsa, kakansa ne ya zo da fataucin goro ya ga wuri ya shimfiɗa buzu. Malam yana da wata cuta da ba ta jin magani: in ya ga tsoho zaune, sai ya tambaye shi daga ina kakansa ya zo. Ya tambayi Nufawa, ya tambayi Ibo masu sayar da magani, ya tambayi Kwara masu kantin yadi, har Yarabawan ma bai bari ba. Daga nan ya fito da fatawarsa, cewa a Ibadan kowa baƙo ne, tunda garin kansa mutanen wurare daban-daban ne suka taru suka kafa shi. Bambancin kawai, wani da hantsi ya iso, wani da la'asar. Don haka ya ce zai buga mujallar tarihin garin, kowa ya faɗi yadda aka yi ya zo, kuma ya raɗa mata suna Baƙin Ibadan.

Abokin tafiyarsa Baba Lasisi ne, Bayarabe mai injin buga takardu a unguwar Mokola, wanda sana'arsa katin biki da kalandar mamata. Hausarsa a bakin masu tsire ya koye ta, shi ya sa take da yaji. Shi ya ce a yi mujallar da harshe uku, Hausa da Yarabanci da Turanci, kuma injinsa ya ba da kyauta.

Ranar da fitowa ta farko ta sauko daga inji, na raka Malam zuwa Mokola don in taya shi ɗauko kaya. Ya ɗaga guda, ya kai ta kusa da ido, ya kai ta nesa. An rubuta da manyan haruffa: BAKIN IBADAN.

“Lasisi, ina ƙugiyata?”

“Wace ƙugiya kuma, Malla? Nan ba rumfar mahauta ba ce.”

Ashe a akwatin haruffan ƙarfen da yake jerawa, wanda ya gada tun zamanin Turawa, babu ƙ ko ɗaya. Baƙi sun koma baki. Lasisi ya ce ai abu mai sauƙi ne, su a Yarabanci ɗigo suke sa wa harafi a ƙasa, bari ya ɗiga mana. Malam ya ce shi ba zai fita da suna mai kama da akuya ta yi kashi ba. Ya shiga aljihu ya zaro jan biron da yake yi wa ɗalibai maki, ya dube ni. Sana'ata ɗinkin hula, kuma a ganinsa hannun da ya iya lanƙwasa zare zai iya lanƙwasa harafi. A tsaye aka naɗa ni, ba rawani ba kakaki. Tun daga ranar, kowace fitowa sai ta bi ta hannuna, in zauna a ƙofar shagona in yi ta ɗora wa kowace K 'yar hularta ja, har yatsana ya yi kanta.

Bangon kawai nake gyarawa. Cikin kuwa mun bar wa mai karatu da Allah, don ko aljani ba zai iya bin kowane layi ba. A nan muka taɓa jawo wa kanmu. Wani tsohon bafatake ya gaya mana ƙishi ne ya tsayar da kakansa a wata rijiya a garin nan, ya sha ruwa, ya ji daɗinsa, ya zauna. Inji ya buga cewa kishi ne ya tsayar da shi. Washegari sai ga zuriyarsa a ƙofar Malam suna neman a gaya musu kishin wa kakansu yake yi. Malam ya yi ta ba da haƙuri, Lasisi kuwa dariya ya yi har sai da ya zauna a ƙasa.

Akwai ta uku a cikin waɗanda suka kafa mujallar, ko da yake sunanta bai taɓa hawa bango ba: Hajiya Rabi. Waina take yi a cikin gida, kuma duk gidan da namiji ba ya shiga, ita tana shiga. A wurinta muka samu labarin wata tsohuwa Banufiya da ta yi wa matan Sabo da na Mokola unguwarzoma ba ta taɓa tambayar yaren jariri ba. A wurinta muka ji yadda amala, tuwon Yarabawa, ta shigo tukwanenmu, da yadda miyar kuka ta tsallaka titi ta shiga nasu. Malam ya rubuta, Lasisi ya buga, ni na sa ƙugiya, amma in ana maganar gaskiya rabin mujallar a bakin tanda aka toya shi.

To, da Lasisi ya gano ma'anar baki, sai ya ƙi yarda cewa kuskure ya yi. Ya ce injinsa ya fi Malam basira, domin duk abin da ke ciki daga bakin tsofaffi ya fito, kuma mujallar ita ce bakin da garin yake magana da shi. Malam ya ce a'a. Hujjarsa, kuma a nan ba ya wasa, ita ce in kowa ya tuna shi baƙo ne, babu mai tashi wata rana ya nuna wa wani hanyar tasha. Yakan ce baƙo raɓa ne, ya kamata ya sauka a hankali. Lasisi ya ce, “Malla, raɓar da ta ga jikokin jikokinta ai ta zama rafi.” Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma waɗannan biyu sun mayar da saɓanin abincin rana. In Lasisi ya yi kwana biyu bai zo gardama ba, Malam zai aika a duba ko lafiya.

Kada in yi muku ƙarya, ba mu yi kasuwa ba. Amma babu takardar da ta kai tamu shiga gidajen Ibadan, domin masu tsiren Sabo sun gano takardar Lasisi ba ta yagewa da mai. Na ɗauka Malam zai yi fushi ranar da aka naɗe masa tsire da shafin da ya kwana biyu yana rubutawa. Sai ya shimfiɗa takardar, ya karkaɗe yajin, ya ce alhamdu lillahi, yau wani lauya a unguwar masu kuɗi ta Bodija zai ci tarihin Nufawa da albasa.

Nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Shagon Lasisi ya koma wurin cajin waya. Yaranmu in sun fara magana da Hausa, sai su ratsa ta Yarabanci su fita ta Turancin buroka, duk a numfashi ɗaya. Wannan ba na jin zai dame shi, zai ma ce ga mujallarsa nan mai harshe uku tana yawo da ƙafa. Abin da zai tayar masa da hawan jini shi ne, yanzu kowace waya tana da ƙugiya kyauta, danna kawai za a yi, amma yaran ba sa dannawa. Na tabbata da sai ya bi su layi layi da jan biro yana zana musu a gilashi.

Balkisu dai ta tara mu a tsakar gidan kakarta. Aka riƙo hannun Baba Lasisi aka kawo shi, don idanunsa sun tafi hutu sun bar shi. Ta ce, “Baba Edita, ku raba mini gardama. In na je Kano ce mini ake yi Bayarabiya, a nan kuma a ce mini Gambari. Wanne zan rubuta?” Gambari shi ne sunan da Yarabawa ke kiranmu da shi. Na gyara zama irin na manya, na ce a kawo fitowa ta farko, domin shari'a sai da shaida.

Hajiya Rabi ta shiga ɗaki ta ɗauko ta daga ƙasan wata kwalla. Na karɓa da taƙama zan nuna aikin hannuna, sai na ga wayam. Damunar Ibadan ta shanye jan biro tas. Tawadar Lasisi kuwa tana nan baƙa ƙirin: BAKIN IBADAN. Na goge tabarau na sake dubawa. Aikin rayuwata kaf ya bi ruwa.

“Me ya faru kuka yi shiru?” in ji Lasisi.

Na ce, “Ka ci gardama, tsohon banza. Ƙugiya ta gudu.”

Na ɗauka zai yi shewa. Sai ya miƙo hannu aka sa masa mujallar, ya bi haruffan da ɗan yatsa kamar mai neman ƙaya, ya tsaya a kan K. Ya daɗe a wurin.

“Ba ta gudu ba,” ya ce. “Ga ramin da bakin biro ya yi. Malla yana nan.” Ya juya inda yake jin numfashin Balkisu. “Sa masa ƙugiyarsa, 'yata. Ba na son in ci gardama alhali mutum ba ya nan.”

Ga shi wanda ya yi shekaru yana yaƙi da ƙugiya ya koma lauyanta, ni kuma editanta ba ni da shaida. Sai Hajiya Rabi, wadda ba a taɓa tambayar ra'ayinta kan sunan ba tun da aka fara, ta yi magana ba ta ko ɗago daga tandarta ba.

“Ku rubuta Baki. Wadda ta binne mijinta a gari ta gama baƙunta. Shi ma da yake ta cewa raɓa, ga shi can kwance a ƙasar Ibadan, ban ga ya koma ko'ina ba.”

Babu wanda ya ɗaukaka ƙara. Lasisi ya share ido ya ce a ba shi waina biyu tunda an kore shi daga shari'a.

Don haka mujallar za ta dawo da suna Bakin Ibadan, kuma ina sanar da jama'a cewa na sauka daga muƙamina ba tare da fansho ba. In aka auna abin da Malam Isiyaku ya bari, takardun yawancinsu sun tafi da tsire, jan biron kuma ruwa ya sha. Amma Bayarabe ya zauna a tsakar gidan Bahaushe yana kare masa harafi, jikarsa kuma tana yawo gida gida da tambayar nan tasa, daga ina kakanka ya zo. Tun ranar nakan ɗauko fitowa ta farkon in shafa wurin da Lasisi ya shafa. Ido ba ya ganin komai, yatsa kuwa yana ji.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya iske masauki inda ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi. Jiya Balkisu ta turo mini saƙo cewa aiki ya kare. Na mayar mata da amsa cewa a gidanmu ba ma kiwon kare, ta danna ƙugiya.